Neman shawara: dirhami mai hoton sarki da "Bismillah" a gefensa

Tambaya: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Wani mai sayar da kayan tarihi ya yi mini tallan wata tsabar azurfa mai faɗi, marar kauri, ya ce dirhami ne na farkon zamanin Banu Umayya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a gabanta akwai hoton sarki da kambi mai fukafukai, a bayanta kuma akwai wani abu kamar murhu da mutum biyu tsaye, alhali an rubuta "Bismillah" a gefe. Shin kuɗin Musulmi zai ɗauki irin waɗannan hotuna, ko kuwa jabu ne? Ina neman shawararku kafin in biya.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, hotunan kaɗai ba su isa a ce jabu ne ba. Da Musulmi suka ci ƙasar Farisa, sun ci gaba da buga dirhami a kan tsarin Sasaniyawa, wato sarakunan Farisa da suka tarar, domin shi 'yan kasuwa suka sani, da shi kuma suka aminta. Sarkin da ka gani galibi Kisra na Biyu ne, wanda aka kashe a shekarar 628 Miladiyya, murhun kuwa wurin wutar bautar Majusawa ne, tare da masu tsaronta biyu. Hatta jinjirin wata da tauraro da ke gefen tsabar daga Farisawa suka fito. Gwamnonin Musulmi sun ƙara "Bismillah" ne, wasunsu kuma suka sa sunansu a madadin na Kisra. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan shi ya kawar da hotuna daga dinari a shekara ta 77 bayan Hijira, daga dirhami kuma a ta 79, aka koma ga kalmar shahada da ayoyin Alƙur'ani.

Amsa ta biyu: Malam ya yi bayani. Ƙarin da zan yi shi ne, shi kansa Abdulmalik ya ɗan jima yana buga dinari mai hoton halifa a tsaye, hannunsa a kan takobi, kafin wannan sauyi.

Amsa ta uku: Ɗan'uwa, dacewar hoto da tarihi ba ta tabbatar da sahihancin wadda aka kawo maka ba, domin masu jabu ma hoton gaskiya suke kwaikwayo. Ka kai ta wurin maƙerin azurfa ya auna, ya kamata ta yi kusan giram 4 idan ba a yanke gefenta ba. Ta asali bugawa aka yi, ta jabu da aka yi ta hanyar zubi kuwa takan bar ƙananan ramuka da layin haɗi a baki. A bayanta akwai sunan garin da aka buga ta da shekara cikin rubutun Farisanci na dā, sai ka nemi masani ya karanta maka. Kada ka bari a goge ta don ta yi ƙyalli, hakan yana karya darajarta.