Neman shawara: na sayi littattafan Goethe, ta ina zan fara?

Ɗalibi a Leipzig: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina karatun injiniya a nan Jamus, Jamusancina ya kai matakin B2. A kasuwar gwanjo na ci karo da ayyukan Goethe, shahararren marubucin Jamus, bugun Hamburg mai juzu'i 14, na kwashe su da araha. Yanzu sun cika min kanta, sai kallo. Na buɗe wasan kwaikwayonsa Faust, ban yi nisa ba kaina ya ɗau zafi. Don Allah masana adabin Jamus, ta ina ake kama shi? Ko in bi su a jere daga juzu'i na 1?

Tsohon malamin Jamusanci: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka yi sa'a, bugun Hamburg da Erich Trunz ya tsara yana da sharhi a ƙarshen kowane juzu'i. Amma zaɓaɓɓun ayyuka ne; bugun Weimar da aka yi tsakanin 1887 da 1919 juzu'i 143 ne, sai ka gode Allah ba shi ka saya ba. Kada ka bi su a jere. An tsara su bisa nau'in rubutu, ba bisa sauƙi ba.

Ɗauko juzu'i na 6 ka fara da Werther. A 1774 ya fito, Goethe yana ɗan shekara 25, kuma shi ya sa sunansa ya zagaye Turai. Wasiƙu ne gajeru, saurayi yana rubuta wa abokinsa yadda ya kamu da son Lotte wadda aka riga aka yi wa baiko. Kana iya karanta wasiƙa ɗaya bayan sallar isha ka rufe. Faust kuwa kusan shekara 60 ya yi yana juya shi, kashi na farko ya fito a 1808, na biyu sai a 1832 bayan rasuwarsa. Ta yaya za ka fara da abin da shi kansa mai shi ya ƙare da shi?

Maman Ilham: Malam, a yi min afuwa, ni Werther bai burge ni ba. Kuka da ƙorafi tun daga farko, a ƙarshe kuma ya harbe kansa. Mutum yana ƙasar sanyi shi kaɗai, a ba shi wannan? Ni dai ka buɗe juzu'i na 2 ka nemi Reineke Fuchs. Zaki ne sarki, dabbobi suna kai ƙarar wani maƙiri da kullum yake zamewa da daɗin baki, sak dila malamin daji na tatsuniyoyinmu. Waƙa ce doguwa, amma za ka yi dariya.

Ɗan Damagaram: A wannan juzu'in na 2 akwai West-östlicher Divan na 1819. Goethe ya karanta waƙoƙin Hafiz na Shiraz, mawaƙin Farisa, a fassarar Joseph von Hammer, suka shiga ransa, ya rubuta nasa a matsayin amsa. Za ka ga Yusufu da Zulaiha, da ambaton Alƙur'ani, abubuwan da Bajamushe yake buƙatar sharhi kafin ya gane, kai kuwa tun makarantar allo ka san su. Sai dai akwai waƙoƙin giya a ciki, kar ka ce ba a faɗa maka ba.

Ɗalibi a Leipzig: Na ji ana cewa ma Goethe ya musulunta, gaskiya ne?

Tsohon malamin Jamusanci: Babu hujjar haka. Ya karanta fassarar Alƙur'ani, ya yi wa Annabi (SAW) waƙa tun yana matashi, ya girmama Musulunci. Iyakar abin da aka tabbatar ke nan. Hajiya Maman Ilham, na karɓi gyara a kan Werther, ko da yake har yanzu ina ganin ya fi sauƙin harshe. Idan kana son zube marar nauyi a zuciya, ga labarin tafiyarsa Italiya, 1786 zuwa 1788, a juzu'i na 11.

Kuma in lokacin Faust ya yi, sayi ƙaramin bugun Reclam mai ruwan ɗorawa, ka riƙa yi masa zane da fensir a jirgin ƙasa. Tunda kana Leipzig, je ka ga tsohon gidan abincin nan Auerbachs Keller, inda wani fage na wasan ya faru. Weimar ma ba ta da nisa da kai, a can gidan Goethe yake, a dandalin Frauenplan.

Ɗalibi a Leipzig: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Juzu'i na 2 zan sauko da shi yau, in na maƙale zan dawo.