Bidiyon 1080p yana cijewa a laftof ɗina, wa ya taɓa gamuwa da haka?

Baban Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Watan jiya muka aurar da ƙanwata, mai ɗaukar hoto ya kawo bidiyon bikin a filas, ya ce 1080p ne. A wayar ƙanena yana tafiya lafiya lau. Da na sa a laftof sai murya ta yi gaba ta bar hoto, hoton ya tsaya cak, can kuma ya zabura, fanka tana ta kuka. Laftof ɗin ta hannu ce, firosesarta (wato ƙwaƙwalwarta) Intel Core i3 ce ƙarni na 3, kuma sauran fina-finai ba sa ba ni matsala a kanta. Abin da ya dame ni, Hajiyarmu ba ta samu zuwa wajen walima ba saboda ciwon ƙafa, ita nake so ta gani a babban allo. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan ya gaya mana yadda ya fita.

Mai Gyara: Wa alaikumus salam. Allah ya ba su zaman lafiya, ya ƙara wa Hajiya sauƙi. Yallaɓai, irin wannan aikin yana yawan zuwa shagona, kuma akasari lafiyar na'urar ƙalau. Buɗe bidiyon da manhajar kallon bidiyo ta VLC, ka danna Ctrl da J, ka karanta abin da aka rubuta a gaban codec, wato hanyar da aka bi aka matse bidiyon. Ina kyautata zaton za ka ga HEVC, wanda ake kuma kira H.265.

Lambar 1080p girman hoto kawai take faɗa, wato ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye. Ba ta faɗin yadda aka matse shi. Tsohuwar hanyar matsewa, H.264, tun 2003 take, kuma firosesar da ke cikin laftof ɗinka tana da wani sashe na musamman da aikinsa ke nan, warware ta, shi ya sa ba ka jin ko tarin fanka. H.265 ta fito a 2013, tana rage girman fayil sosai, amma warware ta aiki ne ja. Intel sai a ƙarni na 6, shekarar 2015, ta sa cikakken sashen da ke ɗaukar wannan nauyin. Taka ta riga su zuwa duniya, don haka da ƙarfin tuwo take yin aikin, hoto ɗaya bayan ɗaya, har ta gaza. Wayar ƙanenka tana da wancan sashen, dalilin ke nan.

Ka roƙi mai hoton ya sake fitar maka da shi a H.264. In ya yi nisa, manhajar HandBrake kyauta ce, za ta juya maka shi, sai dai ka bar ta ta kwana tana yi.

Ɗan Jami'a: Ni tawa asarar data ce. Na daɗe ina zaɓar 1080p, wani lokaci har 4K, ina ganin na fi kowa iya kallo. Ranar da na duba saitin allona sai na ga 1366 da 768 ne. Ɗigo miliyan ɗaya da 'yan kai ke nan, alhali 1080p ya haura miliyan biyu, 4K kuma ya ninka wannan sau huɗu. Ashe rabin abin da nake saukewa ba shi da wurin zama a allon. Tun daga nan na koma 720p, datata tana kai ni ƙarshen wata.

Yayar Amarya: Ƙanena, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Allona irin naka ne, amma a YouTube idan na ɗaga daga 720p zuwa 1080p ina ganin bambanci, musamman a wurin duhu da zanen leshi. Ba idona ne ke yaudarata ba.

Mai Gyara: Ku biyun kuna da gaskiya, Hajiya. A can idan kin ɗaga lamba, suna ƙara yawan bayanan da ake turo miki a kowace daƙiƙa, shi ne kike gani, ba ƙarin ɗigo ba.

Tsohon Mai Majigi: Madalla da wannan batu, a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Na fara sana'ar nuna bidiyo tun zamanin kaset, na ga zuwan VCD mai ɗigo 352 da 288, na ga DVD mai 720 da 576, lokacin muna cewa an gama garau. Ku yi wannan lissafin da ni, 'ya'yana. Fim na awa biyu da aka matse ya koma mega 700, abin da ke zuwa allo bai kai megabit ɗaya a daƙiƙa ba. Faifan Blu-ray yana iya kaiwa megabit 40 a daƙiƙa, faifai ɗaya yana cin giga 25 ko 50. Dukansu ana rubuta musu 1080p. Amma na farkon, da an zo wurin gudu, ko ruwan sama, ko dare, sai ka ga hoton ya farfashe gida-gida kamar tabarma.

Wani abu da ya taɓa min rai: bidiyon auren babban ɗana yana VCD, na kai wani shago aka ce za a mayar min da shi HD. Na biya, aka ba ni fayil mai nauyi da lambar 1080p a jiki. Na zauna ina neman fuskar mahaifiyarsu, Allah ya jiƙanta, ko za ta fito fiye da da. Dishi-dishin nan dai shi ne, an buɗa shi kawai ya ƙara faɗi. Abin da kyamara ba ta ɗauka ba a ranar, babu mai dawo da shi. Na adana faifan asalin, shi nake kallo.

Malamar Firamare: Allah ya jiƙanta da rahama, Baba. Ni a aji na gamu da nawa. Na haɗa laftof da majigi ta igiyar VGA, hoto ya fito, murya shiru, ashe ita ba ta ɗaukar sauti, sai HDMI. Baban Biyu, ka kula da wannan tunda talabijin za ka kai wa Hajiya. Sannan kada ka yarda a turo maka sabon ta manhajar hira a matsayin bidiyo, matse shi za a yi ya lalace. A turo shi a matsayin fayil, ko ka je da filas. Filas ɗin ma in tsarin ajiyarsa FAT32 ne ba zai karɓi fayil ɗin da ya wuce giga 4 ba, ko da akwai wuri. Sai an mayar da shi exFAT ko NTFS, kuma ka kwashe kayanka tukuna don komai zai goge.

Ɗan Maraɗi: Kada a manta da zafi da ƙura. Tawa minti ashirin na farko lafiya, daga nan ta fara tsaitsayawa. Da aka buɗe, ƙurar hunturu ta toshe mafitar iska kamar auduga. Firosesa in ta yi zafi da kanta take rage gudu. Aka share, na daina ɗora ta a kan katifa, kuma ina jona caja kafin kallo, don a kan batir ma tana rage ƙarfi.

Baban Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam Mai Gyara, yadda ka faɗa haka na gani, HEVC ne, kuma hoto 60 a daƙiƙa. Na koma wajen mai hoton, bai yi musu ba, ya fitar min da H.264 mai 1080p, hoto 30 a daƙiƙa. Fayil ɗin ya fi na farko nauyi, sai da na gyara filas kamar yadda Malama ta ce. Na kuma sa an busa wa fanka iska. Jiya bayan isha'i na jona HDMI a talabijin ɗin falo, ko sau ɗaya bai cije ba. Hajiya ta sa na tsayar da shi har sau uku tana nuna 'yan'uwanta da suka zo daga Gusau, tana kiran sunan kowa. Baba Mai Majigi, gobe zan kwafi fayil ɗin farko a wuri biyu in ajiye yadda yake.