Neman shawara: haɗa hitar ruwa ta lantarki domin ɗumama ɗakuna biyu da hunturu

Ɗan Tudun Jukun ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana wutar lantarki da masu aikin famfo a kan wani aiki da nake son kammalawa kafin hunturu ya kankama. Mahaifiyata ta haura shekara saba'in, tana fama da ciwon gaɓoɓi da kuma tarin da ke tasar mata duk lokacin da jaura ta fara kaɗawa, kuma kowa ya san yadda sanyin Zariya yake daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, musamman daga ƙarfe uku na dare zuwa bayan sallar asuba. Shekara da shekaru kaskon garwashi take sakawa a ɗaki. Bara sai da muka same ta da ciwon kai mai tsanani da jiri bayan ta kwana da shi ƙofa a rufe, daga ranar na hana a sake shigar mata da gawayi.

Abin da nake da niyya shi ne in sa a walda tanki, in ɗaura masa ƙarfen hita irin wanda ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, in ja bututu zuwa ɗakinta da ɗakin yara, ruwan zafi ya riƙa zagayawa ta cikin lagireto irin na jikin bango da ake amfani da shi a ƙasashen Turai. Kowane ɗaki mita 4 ne tsawo da faɗi, tsayinsa mita 3, ginin bulo ne da rufin kwano da silin. Ina so in san ƙarfin hitar da ya kamata in saya, da girman tankin, da kaurin waya, da kuma abin da zan yi don kada aikin ya zama haɗari a gidan da ke da tsohuwa da ƙananan yara. Wuta a unguwarmu tana zuwa tana tafiya, sau da yawa kuma da rana ake kawo ta.

Injiniyan Samaru ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya kuma saka maka da alheri a kan wannan kulawa. Ka fara tambaya daga hita, amma lissafin daga ɗakin yake farawa, domin aikin hita shi ne mayar da zafin da ɗaki ke zubarwa ta bango da rufi da kafofin iska. Idan ana son ɗakin ya tsaya a digiri 22 a ma'aunin Salshiyas alhali waje yana digiri 12, bambancin digiri 10 ke nan. Bangon bulo biyu da ke fuskantar waje sun kai murabba'in mita 24, kuma a ƙiyasina za su zubar da wajen wat 600. Silin da ba a shimfiɗa masa komai a sama ba zai zubar da kusan wat 500. Iskar da ke shiga ta ƙasan ƙofa da gefen taga kuma za ta tafi da wajen wat 250. Jimla kilowat 1.35 ke nan a lokacin da sanyi ya fi tsanani, ɗakuna biyu kuma kilowat 2.7. Saboda haka ƙarfen hita mai kilowat 3 ya wadatar idan wuta tana nan duk dare.

To amma ka ce da rana aka fi kawo wuta, kuma wannan shi ne abin da ya kamata ya juya tsarin gaba ɗaya. Tankinka zai zama rumbun ajiyar zafi, girmansa ya fi ƙarfin hitar muhimmanci. Ka riƙe wannan lissafi: ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya yana cin wat-awa 1.16. Idan tankin lita 200 ne, ka ɗumama shi zuwa digiri 75 da rana, ka yi ta jan zafinsa da dare har ya sauko digiri 40, abin da ka samu shi ne 200 sau 35 sau 1.16, wato wat-awa 8,120, yunit 8 da ɗan ɗoriya irin na mitar wuta. Wannan zai riƙe ɗakin Hajiya na awa bakwai ko takwas, tunda ba duk daren ne sanyi ke kaiwa maƙura ba, kuma bangon kansa yana riƙe ɗumin rana zuwa wani lokaci. Ba zai riƙe ɗakuna biyu ba. Idan dole ne sai an haɗa da ɗakin yara, sai ka ninka tankin, ka kuma tabbatar daɓen da za a ɗora shi zai ɗauki nauyin kilo 400 na ruwa ban da ƙarfen. Mayar da tankin lita 200 daga digiri 40 zuwa 75 da hita mai kilowat 3 zai ci kusan awa uku.

Game da waya, kilowat 3 a kan bolt 230 yana jan amfiya 13. Kada ka soka shi a soket na bango, domin awa uku ana jan amfiya 13 ba hutawa yana ƙona bakin soket. A ja masa layinsa shi kaɗai daga akwatin bireka, da wayar jan ƙarfe ta gaske mai kaurin murabba'in milimita 2.5, ko 4 idan tafiyar da nisa, da bireka mai amfiya 16 ko 20, da kuma bireka mai katse wuta idan ta zurara, wadda ake rubuta wa 30mA a jiki. Jikin tankin da duk bututun ƙarfe dole a ɗaure su da wayar ƙasa, a kuma auna a tabbatar sandar da aka binne tana aiki, domin ƙasar rani idan ta bushe ƙarau ba ta karɓar wuta yadda ya kamata.

Akwai wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Idan wuta ta zo ba ƙarfi, zafin hita yana faɗuwa fiye da yadda bolt ɗin ya faɗi, saboda yana bin ninkin bolt ne a kan kansa. A bolt 180, hitar da aka rubuta wa kilowat 3 ba za ta ba ka fiye da kilowat 1.8 ba, aikin awa uku sai ya koma kusan awa huɗu da rabi.

Maman Khalifa, Wusasa, ta amsa:

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba ni da ilimin waya, amma ina son in ƙarfafa maka gwiwa a kan hana garwashi. Abin da ya sami Hajiya alama ce ta iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke buƙata, mutum yana barci ba zai san abin da ke faruwa ba. Allah ne Ya kiyaye.

Sai dai ina da ja a kan girman aikin. Me zai hana ka sayi hitar nan mai mai a ciki, mai tayoyi, wadda ake jonawa kai tsaye? Ba tanki, ba bututu, ba ruwan da zai zubo. Idan kuma an nace sai na ruwa, to ina roƙon Injiniya ya dubi zafin jikin lagireton, domin fatar tsofaffi da ta jarirai ba ta da kauri, ruwa mai digiri 60 yana ƙona ta cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma tsohuwar da ta jingina da ƙarfe mai zafi cikin barci ba lalle ta farka da wuri ba. Sannan ɗumama ɗaki da hunturu yana ƙara busar da iskar da dama a bushe take, wanda zai iya tsananta mata tarin, don haka a riƙa ajiye kwanon ruwa mai faɗin baki kusa da lagireton.

Usta Mai Famfo, Sabon Gari, ya amsa:

Salamu alaikum. Na shekara fiye da ashirin ina haɗa hitar wanka a gidajen mutane, kuma abin da ya fi ba ni tsoro a bayaninka, Alhaji, shi ne kalmar walda. Ruwa idan ya yi zafi yana kumbura. Lita 200 da aka ɗauko daga sanyin famfo zuwa digiri 75 za ta ƙaru da kusan lita biyar, idan kuma tankin a toshe yake ta ko'ina, wannan lita biyar sai ta nemi hanya ta inda waldar ta fi rauni. Wanda ya fi wannan muni shi ne tamostat, wato na'urar da ke katse wuta idan ruwa ya kai zafin da aka saita, ya maƙale ruwan ya tafasa, domin tururi yana neman wuri fiye da ninki 1,600 na ruwan da ya fito daga cikinsa. Turawa suna rufe nasu tsarin ne saboda suna da tulun da ke shanye kumburin da bawul mai buɗewa da kansa idan matsi ya kai 3 a ma'aunin bar, kuma tankunansu an gwada su a masana'anta. Tankin da mai walda ya haɗa a bakin titi ba wanda ya gwada shi.

Shawarata ita ce ka bar tsarin a buɗe. A ɗora ƙaramin tanki na lita 25 a saman silin ko a kan bango, sama da kowane lagireto, a jawo bututu daga gindinsa zuwa gindin babban tankin, sannan a fitar da wani bututun daga ƙololuwar babban tankin ya hau ya lanƙwaso a kan bakin ƙaramin. Wannan bututu na biyu kada a sa masa bawul ko makulli ko ɗaya, ko da wani ya ce maka zai fi kyau. Da shi, ko ruwan ya tafasa, tururin zai fita ta sama ba tare da tanki ya fashe ba. A sa tamostat biyu, ɗaya na aikin yau da kullum, ɗayan kuma na tsaro wanda idan ya katse wuta sai an danna shi da hannu kafin ta dawo. Ƙarfen hitar a ɗaura shi can ƙasa yadda ruwa zai rufe shi kullum, domin idan ya kama a busasshe cikin ɗan lokaci yake ƙonewa.

Bututu kuma kada a yi amfani da farin roba na ruwan sanyi, yana laushi idan zafi ya wuce digiri 60. A nemi bututun robar PPR na ruwan zafi mai lamba PN20, ko na jan ƙarfe idan aljihu zai ɗauka. A naɗe tankin da audugar gilashi mai kauri, in ba haka ba zafin da ka saya da rana zai tsere kafin isha'i. Ruwan kuma sau ɗaya ake cikawa a bar shi, domin sabon ruwa ne ke kawo tsatsa da farin ɓawon nan da ke kama ƙarfen hita, musamman na rijiyar burtsatse. Na san za a yi sha'awar ɗiban ruwan alwala daga tankin da asuba, to a hana, ruwa ne da ya kwana cikin ƙarfe wata da watanni.

Ɗan Tudun Jukun ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Hajiya Maman Khalifa, na gwada hita mai mai bara, tana aiki sosai, amma da an ɗauke wuta ba ta rabin awa take hucewa, kuma da tsakar dare ne aka fi buƙatarta. Wannan ne ya kai ni ga tunanin ruwa. Na karɓi maganar Injiniya, zan tsaya a ɗakin mahaifiyata kaɗai da tankin lita 200, yara kuma a ƙara musu barguna. Na kuma karɓi tsarin Usta na buɗaɗɗen tanki. Saura abu biyu: idan babu wuta da dare, me zai tura ruwan? Sannan lagireton bango yana da wuyar samu a nan, wani bakanike a Kwangila ya ce in yi amfani da na mota da fankarsa. Shin hakan zai yi?

Injiniyan Samaru ya amsa:

Malam, abin da zai tura ruwan ƙaramin famfo ne ƙwarai. Don kai kilowat 1.3 ɗaki, ruwan yana shiga yana fita da bambancin digiri 10, lita biyu a minti ɗaya ta isa, kuma ƙaramin famfo mai bolt 12 da aka yi domin ruwan zafi zai yi wannan da wat 20 ko ƙasa da haka, batir ɗaya na sola zai riƙe shi har gari ya waye. Kada dai a jona ƙarfen hitar kansa a inbata.

Maganar Maman Khalifa a kan ƙuna gaskiya ce, kuma maganinta bawul mai gauraya ruwa, wanda zai haɗa na tanki da wanda ya dawo daga ɗaki ya tura shi a kan digiri 45 zuwa 50. Amma ka sani ƙarfin da ake rubutawa a lagireton bango an auna shi ne da ruwan da ya fi ɗaki zafi da digiri 50. Idan bambancin ya sauko 30, rabin wannan ƙarfi kawai za ka samu, don haka sai ka nemi wanda aka rubuta wa kilowat 2.5 ko fiye. Na mota yana ba da zafi sosai ko da ruwan bai yi zafi can ba, saboda fanka na tura iska ta cikinsa, sai dai fankar mota tana da ƙara kuma tana cinye batir, gara ka sa ƙananan fankoki irin na kwamfuta guda uku ko huɗu. Ka sa shi cikin akwatin katako mai raga a gaba, ka riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu duk mako, kuma kada a zuba masa koren ruwan lagireton mota, guba ne ga yara, ruwa kuma ba ya daskarewa a Zariya balle a buƙace shi.

Kafin ka sayi komai, ka shimfiɗa audugar gilashi ko soso mai kaurin santimita 5 a saman silin ɗakin, ka toshe ƙasan ƙofa, ka rataya labule mai nauyi a taga. Wannan kaɗai zai rage abin da ɗakin ke zubarwa da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma ga wanda ke rukunin A na masu biyan kuɗin wuta, inda yunit ya haura naira 200 a watan Afrilun 2024, yunit takwas a kowane dare kuɗi ne da ake ji a jiki. Idan ka gama wannan, ka ajiye ma'aunin zafi a ɗakin dare uku, ka rubuta abin da ya nuna da ƙarfe goma na dare da kuma da asuba, ka kawo mana nan mu sake lissafin girman tankin kafin mai walda ya yanka ƙarfe.