Neman kalma: me za mu kira mutum irin Robert Church da Hausa?

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum, malamaina. Ranar Juma'a zan gabatar da shiri a kan baƙaƙen fatar Amurka da suka yi arziki da gidaje da filaye a zamanin wariyar launin fata, sai kalma ɗaya ta tsayar da ni, wato abin da Turawa ke kira real estate entrepreneur. Wanda na fi tsayawa a kansa shi ne Robert Church na garin Memphis, wanda aka haifa cikin bauta a 1839. Da annobar shawara ta 1878 ta watsa mutanen garin, sai ya yi ta sayen gidajen da darajarsu ta faɗi, kuma a 1899 ya gina wurin shaƙatawa da babban zauren taro a titin Beale domin baƙaƙen da aka hana shiga wuraren shaƙatawar gari. Na rubuta "dillalin gidaje", amma raina bai kwanta da ita ba.

Malamin Zariya: Wa alaikumus salam, Hajiya. Da gaskiyarki. Dillali kayan wani yake sayarwa ya ci la'ada, shi kuwa wannan da kuɗinsa ya saya, kuma shi zai kwana da asara in kasuwa ta juya. Ki ce "attajirin gidaje da filaye".

Dattijon Kurmi: Allah ya gafarta Malam, muna da kalma tun kaka da kakanni, ita ce fatoma, sana'ar kuma na daɗe ina kiranta fatomanci. Na tashi na ga kakana yana saukar da fataken goro a zaurensa, ya ajiye musu kaya a ɗakin da makullinsa ke rataye a wuyansa, ya tsaya musu in an nemi a cuce su. Ku dubi wani baƙar fatan Amurka, Philip Payton, wanda ya kafa kamfanin Afro-American Realty a 1904. Da wani kamfanin Turawa ya sayi gidaje a titi na 135 a unguwar Harlem ta birnin New York ya kori baƙaƙen da ke haya a ciki, sai su Payton suka sayi gidaje biyu a kusa suka sallami Turawan da ke cikinsu, suka zuba waɗanda aka kora. Wanda ya ba baƙo masauki a garin da ake ƙyamarsa, ai fatoma ne.

Malamar Damagaram: Baba, labarin ya yi daɗi, amma fatoma daga cinikin baƙonsa yake samu, Payton kuwa kuɗin haya yake karɓa duk wata. Ban da haka, 'yan'uwanmu na zangon Kumasi "maigida" suke cewa, kuma matasan da za su saurari shirin da wuya su san kalmar.

Dattijon Kurmi: Rashin saninsu shi ne dalilin da ya sa za a faɗe ta a rediyo. Dillali da attajiri duk aron Larabci ne. Har yaushe za mu riƙa barin namu muna ɗaukar na wasu?

Malamar Damagaram: Da girmanka, Baba, fatoma ma aro ce. Da Barbarci "fato" gida ne, "fatoma" kuma mai gida. Mu da ke maƙwabtaka da Barebari kullum muna jin ta a bakinsu.

Dattijon Kurmi: Ko da daga Borno ta zo, a kasuwar Kurmi ta girma, kuma Hausar littafi a kan ta Kano aka gina ta.

Malamin Zariya: A Zariya aka buga yawancin littattafan nan, Alhaji, kuma babu garin da aka ba makullin harshe. Mu koma kan buƙatar Hajiya, lokaci yana ƙure mata.

Mai shirin rediyo: Na gode. Ga wata kuma: zauren da Church ya gina, in kira shi waƙafi?

Malamin Zariya: A'a. Waƙafi yana da sharuɗɗa a fiƙihu, mai shi yakan tsare dukiyar ba sayarwa ba gado, alhali wannan wuri ya ci gaba da zama mallakar Church. Ki ce ya gina wa jama'arsa, ya wadatar.

Mai shirin rediyo: To, zan kira Church "attajirin gidaje da filaye". Shi kuwa Payton, tun da kamfaninsa ya durƙushe a 1908, "ɗan kasuwar gidaje" zai fi dacewa da shi. Baba, zan ambaci fatoma sau ɗaya wajen labarin Harlem, in bayyana ma'anarta.

Dattijon Kurmi: Sau ɗaya ya yi kaɗan, 'yata, amma na karɓa. Fatomanci dai ban janye ta ba, kuma zan kunna rediyo ranar Juma'a in ji yadda za ki furta ta.