Maƙwabciyata ta roƙe ni in koya wa matan cocinsu aikin hannu kafin Kirsimeti, da me zan fara?

Maman 'yan biyu, Gadarif:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 muka baro Umdurman, muna nan Gadarif a gidan haya. Katanga ce kawai tsakaninmu da wata baiwar Allah daga duwatsun Nuba, Kirista ce. Da daminar bara zazzaɓi ya kwantar da ni, ita ta riƙe min yarana kwana huɗu, ban manta ba.

Jiya ta tarar da ni ina ɗinkin faifai, sai ta ce ko zan zauna da matan cocinsu da 'yan matansu, in nuna musu abin da za su yi da hannunsu na kyauta da na ƙawata ɗaki. Kayan kasuwa sun fi ƙarfin kowa bana. Na amsa mata nan take. Sai da dare na shiga tunani: Asabar uku kawai gare mu kafin 25 ga Disamba, su wajen goma sha biyar ne, kuma faifai guda ni kaina yana cin min kwanaki. Me mutum zai koya ya gama a zama ɗaya? Don Allah masu sani ku taimaka.

Inna, Mai Wurno:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka, haƙƙin maƙwabtaka kika sauke. Ki ajiye maganar babban faifai. Sabon hannu in bai ga abin da ya yi ba ranar farko, ba ya dawowa ta biyu. Ki fara musu da gammon jabana, wannan ɗan zoben da ake ɗora tukunyar gahawa a kai. Kaba ce kawai da zare da 'yan duwatsun ado, kuma babu gidan da ba a shan gahawa a ƙasar nan, to kyauta ce da za a yi amfani da ita kullum.

Kabar ki jiƙa ta tun daren Juma'a, ki naɗe a ɗanyen tsumma, in ba haka ba tana karyewa a hannu. Ki tsaga musu ita da kanki kafin su zo. Maganar rini kuwa, kada wani ya ruɗe ki da zoɓo. Jansa yana da kyau ranar farko, amma kafin sati ya koɗe. In za ki samu karan dafi, shi iyayenmu ke rina ja da shi, har fata dukawa suke rinawa. In babu, ki sayi garin rini na kasuwa, ja da kore, ki dafa da ɗan gishiri, ki shanya a inuwa.

Malamin firamare, Kasala:

Hajiya, yaran fa? Ki ware musu tabarmarsu daban, allura ba tasu ba ce. An gama girbi, karan dawa na nan zube a ko'ina a Gadarif. Yadda muke yin motar kara muna yara, haka za su feƙe ɓawon, su soka a ɓargon, su haɗa tauraro mai tsini biyar a rataye da zare. Gam ma ba sai kin saya ba: ki jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi ya kwana, yana manna takarda sosai. Ƙasar da ta fi kowace fitar da ƙaro a duniya muke zaune.

'Yar uwarku, Bur Sudan:

Yaya, ki tambaye ta ko dukkansu coci ɗaya suke. Kibɗawa, wato mabiya cocin Masar, da yawancin Habashawa da mutanen Eritiriya sai 7 ga Janairu suke nasu bikin, kuma kafin nan suna azumin fiye da kwana 40 da ba sa cin nama, ƙwai ko madara. In akwai su a ciki, kin ga kin sami ƙarin sati biyu, sannan ka'ak, biskit ɗin biki mai ƙwai da man shanu, ba zai yi musu ba yanzu. Kantun riɗi ya fi, riɗi da sukari ne kawai, ga shi garinku ne gidan riɗi. Turaren wuta ma kyauta ce mai daraja, amma sandal ya yi tsada, kuma narka sukari a kan wuta ga yara na kai da kawowa, ni dai ba zan so ba.

Maman 'yan biyu, Gadarif:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na tambaye ta da safen nan, ashe akwai Habashawa uku a cikinsu, ni ban ma sani ba. Mun tsayar: Asabar ta farko gammon jabana da taurarin yara, ta biyu kantu, ta uku mu ƙarasa abin da ya rage. Inna, karan dafin ne ban samu ba, na zagaya kasuwa har wajen masu fata. Gobe maigidan zai tambayo min a ƙauyen da yake aikin gona.