Shin na'ura za ta iya hango farfaɗiya kafin ta tashi?

Maman Hafsat: Assalamu alaikum. 'Yata tana fama da farfaɗiya, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ciwon yake kama ta ba zato ba tsammani. Shin da gaske akwai na'urar da ke lura da ƙwaƙwalwa ta yi gargaɗi tun da wuri?

Malam Bashir: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Na'urar EEG tana auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, amma gane ciwon bayan ya fara ya fi hango shi sauƙi nesa ba kusa ba. A 2013 aka wallafa sakamakon wani gwaji a Ostireliya, inda aka dasa wa mutum 15 wayoyin lantarki masu auna motsin ƙwaƙwalwa a ƙarƙashin ƙoƙon kai, na'urar hannu tana kunna jar fitila idan haɗari ya ƙaru, shuɗiya idan ya ragu. Ta yi wa wasu aiki sosai, wasu kuwa ba ta amfane su ba, domin alamun kowace ƙwaƙwalwa daban suke.

Hajiya Rabi: Gargaɗin ƙarya shi ne babban cikas, domin yana hana mutum sakewa. Sai dai an gano cewa a wurin mutane da yawa ciwon yana bin zagaye na kwanaki ko makonni, don haka ki riƙa rubuta rana da lokacin kowane tashi ki nuna wa likita, kuma kada a dakatar da magani.