Kurakuran gareji da muke jin kunyar faɗa: ni kaɗai ne, ko manya ma sun taɓa yi?

Sabon Bakanike, Zariya

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena a wannan sana'a. Ban daɗe da maigidana ya yaye ni ba, kuma yanzu ina da ɗan wurina tare da yaran da suke koyon aiki a hannuna. Akwai abin da ya faru da ni wanda har yau idan na tuna shi sai gabana ya faɗi, shi ya sa na ga ya dace in kawo shi gabanku.

Wani malamin makaranta ya kawo mini Golf 3 domin a canza masa fad ɗin birkin gaba. Na kwance tayoyi, na tura fistin ɗin kalifa, wato ƙarfen da yake matse fad a jikin faifan birki, ciki domin sababbin fad su sami wurin zama, na ɗaure komai, na sauke motar daga jak. Ina cikin wanke hannu aka kira ni a waya, sai na miƙa masa makulli ina ci gaba da magana. Ya tayar da mota ya sa ribas, da ya taka birki sai ƙafarsa ta tafi har ƙasa babu abin da ya riƙe. Motar ta gangara ta nufi bencin mai shayin da yake bayan gareji, inda mutane suke zaune, kuma Allah ne ya ba shi natsuwar jan birkin hannu, ta tsaya saura ƙiris ta taɓa su. Na san sarai cewa ana tattaka birki bayan irin wannan aiki kafin mota ta motsa, domin ni kaina na sha koya wa yara haka. Da ya tambaye ni abin da ya faru, kunya ta sa na ce masa iska ce ta shiga layin mai, har na duƙa na yi kamar ina fitar da ita.

Tambayata ita ce, shin irin wannan yana faruwa da waɗanda suka daɗe a sana'ar, ko alama ce ta cewa an yaye ni da wuri? Sannan wace hanya kuke bi ku tsare kanku daga mantuwa a kan abin da kuka riga kuka sani?

Tsohon Bakanike, Kano

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gode wa Allah da abin ya tsaya a kan tsorata, kuma ka kwantar da hankalinka game da yayen da aka yi maka, domin bayanin da ka yi ya nuna ka san aikin. Idan ka tura fistin ciki, taku na farko da na biyu suna tafiya ne wajen dawo da shi ya taɓa fad, shi ya sa ƙafa take nutsewa. Wannan ba iska ba ce, kuma kai ma ka sani.

Abin da na lura da shi a tsawon zamana a gareji shi ne, yawancin ɓarnar da ƙwararre yake yi ba ta zuwa daga rashin sani. Tana zuwa ne a daidai inda aka katse masa aiki. Waya ta yi ƙara, ko wani mai mota ya zo yana gaggawa, ko aka kira salla, ko aka aiki yaro kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo kayan gyara aka koma kan wata motar kafin ya dawo. Idan mutum ya komo, zuciyarsa tana gaya masa ya gama abin da a gaskiya ya tsaya ne a rabi.

Ni ma a nan na faɗa, a zamanin da Fijo 504 take cika tasha. Na mayar da tayar baya, na ɗaura notuna da hannu da niyyar in matse su idan mota ta sauka ƙasa, sai aka tayar da sallar azahar na tafi. Yarona ya ga taya a wurinta, ya sauke motar, direba ya biya ya tafi ya yi lodin fasinjan Wudil. A wajen Mariri ya ji bayan motar yana bugawa, ya tsaya ya tarar notunan sun kusa ficewa, ramukan ƙarfen tayar kuma sun yi faɗi saboda girgiza. Mota cike da mutane, har da mata masu goyo. Da ya dawo bai zage ni ba, ya ajiye ƙarfen tayar a gabana kawai ya tsaya yana kallona, kuma da zagin ya yi da ya fi mini sauƙi.

Tun daga lokacin akwai ƙa'idojin da ba a karya su a wurina. Wanda ya kwance noti shi ne zai ɗaure shi, ba a gadon rabin aiki. Idan dole ta sa zan bar aiki a tsakiya, ina barin sifana rataye a kan notin da ban matse ba, makullin motar kuma yana cikin aljihuna, ba ya zama a jikin mota balle a kan benci. Kuma duk motar da aka taɓa mata birki ko taya ko sitiyari, ni ne zan fara motsa ta, ba mai ita ba. Da ka riƙe wannan ta ƙarshen, da ƙafarka ce za ta fara jin birkin ya nutse tun motar tana tsaye. Direba kuma ina gaya masa ya sake gwada notunan taya bayan ya yi tafiyar kamar kilomita 50.

Tunda kana da yara, bari in ƙara maka maganar jak, domin ita ce take kisa nan take. Aikin jak ɗaga mota ne, ba riƙe ta ba. Robar da take tare man cikinsa tana iya saki ba tare da wata alama ba, ƙasar garejinmu kuma yawanci rairayi ce da ta sha baƙin mai, gindin jak yana nutsewa ko ya karkace. Kada yaro ya shiga ƙarƙashin mota sai an kafa mata ƙarfen tokare ko kututturen itace mai ƙarfi, an sa wa sauran tayoyin waigi, an kuma tura tayar da aka cire ƙarƙashin bodi. Bulon siminti ba abin tokare ba ne, yana farfashewa lokaci ɗaya.

Maganar ƙaryar da ka yi wa malamin kuwa, ita ce ba ta yi mini daɗi ba. Ka bar mutum yana tuƙi da zargin cewa birkinsa yana shan iska, wataƙila gobe ya kai wa wani a kwance masa abin da lafiyarsa ƙalau.

Mai Rewaya, Kaduna

Baba, Allah ya ƙara girma. Na yarda da maganar katse aiki, amma ina ganin akwai wani kaso na kuskure da rashin sanin dalili yake haifarwa. Ana koya mana cewa a yi kaza, ba a gaya mana abin da ya sa, saboda haka ranar da muke gaggawa sai mu ga ƙa'idar ba ta da muhimmanci.

An gaya mini tun ina yaro cewa kan batir na negatif ake fara cirewa, shi ne kuma na ƙarshen mayarwa, amma ba wanda ya bayyana mini cewa bodin mota gaba ɗaya a haɗe yake da negatif. Wata rana na fara da fozitif, sifana ta juya ta taɓa ƙarfen da yake riƙe da batir, zoben azurfar da yake yatsana kuma yana manne da sifanar. Mutane suna raina batir saboda bolt 12 ne kawai, ba ya jan mutum kamar wutar gida, sai dai idan aka haɗa kawunansa da ƙarfe yana iya tura ɗaruruwan amfiya a lokaci ɗaya. Zoben ya yi zafi kafin in iya fizge hannuna, kuma tabon yana nan zagaye da yatsan. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne, batirin da yake caji yana fitar da iskar haidirojin, tartsatsi ɗaya yana iya fasa shi ya watsa wa mutum ruwan batir a ido. Haka kuma idan aka juya wayoyi wajen jona batir da batir, a tsohuwar mota wataƙila fis ko altaneta ne zai ƙone, amma a motocin yanzu ƙwaƙwalwar injin tana iya tafiya, kuɗinta kuma ba na wasa ba ne.

Ƙanena na Zariya, tunda Golf kake taɓawa, ka gargaɗi yaranka cewa fankar lagireto ta lantarki tana iya tashi da kanta bayan an kashe mota idan injin yana da zafi. Kada su sa yatsa tsakanin fukafukanta don sun ga makulli a hannunka.

Mai Gyaran Babur, Maraɗi

Mu masu babur ana ganin aikinmu ƙarami ne, amma yatsun da sarƙa ta ci a wurinmu ba kaɗan ba ne. Yaro zai ɗora babur a kan tsayuwar tsakiya, ya tayar da injin, ya sa giya domin taya ta riƙa juyawa, sannan ya kama tsumma yana goge sarƙa. Sarƙa tana kama tsumman, tsumman ya ja yatsa zuwa haƙoran sifoket, wato faifan da sarƙa take hawa, kuma kafin a kashe injin an gama. A kashe babur, a juya tayar da hannu, bambancin bai wuce 'yan mintoci ba.

Nawa abin kunyar a kan juyen mai ne. Wani ɗan kabu-kabu ya kawo Boxer, na kwance notin ƙasa na zubar da tsohon mai, na mayar da notin, sai wani ya zo da tayar da ta yi faci yana roƙo in duba masa. Mai Boxer ya ga na tashi daga kan babur ɗinsa, ya ɗauka an gama, ya buga ya hau. Ina juyowa na ga galan ɗin sabon mai a ƙasa ko buɗe shi ba a yi ba. Na bi shi a guje ina ihu cikin kasuwa, mutane suna zaton ɓarawo nake bi, har wasu suka fara taya ni. Man da injin yake ɗauka kusan lita 1 ne kacal, amma in babu shi fistin yana kamewa cikin ɗan lokaci. Mun same shi kafin ya yi nisa. Yanzu ba na kwance notin ƙasa sai na ɗora galan ɗin sabon mai a kan sirdi, yadda ba mai iya hawa sai ya ɗauke shi.

Wasu ƙananan abubuwa biyu da ake yawan mantawa: makullin haɗin sarƙa, rufaffen kansa ne yake fuskantar inda sarƙa take tafiya, idan aka juya shi yana iya ficewa a kan hanya. Sannan duk wanda ya ja sarƙa, ya bar mata sassauci na santimita 2 zuwa 3, kuma ya sake daidaita birkin baya, tunda tayar ta matsa daga inda take.

Mai Corolla, Katsina

Ni ba bakanika ba ce, mai kai gyara ce, kuma ina so ƙanena ya ji yadda abin yake daga wajenmu. An taɓa yi wa tsohuwar motata sabis, yaron gareji ya zuba man sitiyari a cikin tulun man birki. Daga baya na ji cewa ya gane kuskurensa a nan take, amma tsoron dukan maigidansa ya sa ya rufe murfi ya yi shiru. Bayan 'yan kwanaki birki ya fara riƙe taya, ina hanyar ɗauko yara daga makaranta sai na ji ƙauri. Wanda ya gyara ya bayyana mini cewa robobin birki an yi su ne domin man birki irin DOT 3 ko DOT 4, man sitiyari kuwa kumbura su yake yi, saboda haka sai da aka canza masta, wato famfon da yake tura man birki, da robobi da tiyo, aka wanke layin gaba ɗaya. Ya ce da yaron ya faɗa kafin a taka birki, da tsotse man daga tulun da wanke shi ya rage ɓarnar ƙwarai.

Ban ga laifin yaron kamar yadda na ga na maigidan ba. Idan kowane kuskure sakamakonsa mari ne da wayar fanbel, yara za su koyi ɓoyewa kafin su koyi gyara, mu masu hawa motar kuma mu ne za mu gano abin a kan titi. Ƙanena, ka je ka gaya wa malamin gaskiya. Ni dai bakaniken da ya taɓa kirana ya ce in dawo da mota domin yana shakkar ko ya matse wani noti, har yau wurinsa nake zuwa.

Sabon Bakanike, Zariya

Na gode, Baba, na gode Hajiya da sauran yayyena. Na je makarantar na sami malamin na gaya masa yadda aka yi. Ya yi shiru, sannan ya ce tun ranar yake tattaka birki sau uku kafin ya fita daga gida saboda tsoron iskar da na ce ta shiga. Ban sani ba ko zai sake kawo mini aiki. Yaran kuma na tara su na ba su labarin da bakina, na ce duk wanda ya yi kuskure ya faɗa kafin mota ta fita ba zan taɓa shi ba. A nan take ƙaramin ya ce shekaranjiya ya buɗe murfin lagireton wata mota da zafinta, ruwa ya yi tsiri ya wuce ta gefen fuskarsa, bai gaya wa kowa ba. Baba, ni an koya mini a dafe murfin da tsumma a buɗe a hankali. Shin wannan ya wadatar in koya masa?

Tsohon Bakanike, Kano

Bai wadatar ba, ɗana. Murfin yana riƙe matsi ne domin ruwan ya wuce digiri 100 bai tafasa ba, yana iya kaiwa wajen 120. Da zarar ka saki matsin, ruwan yana tafasa gaba ɗaya a lokaci guda, tsumma kuma jiƙewa zai yi ya manne a hannu. Ka koya masa ya jira injin ya huce, sannan ya matsa babban tiyon sama da hannu. Idan ya ji shi da tauri, akwai sauran matsi, ya bar shi. Sai ya yi laushi zai sa tsumma ya juya murfin kaɗan, ya tsaya hucin ya gama fita, fuskarsa tana gefe. Idan kuma mai mota yana tsaye a kansa yana cewa sauri yake yi, ya turo shi wurinka.